FILIN MANOMA: In Man Giya Ya Tsiyaye A Kan Hanya, A Tsaya

Hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari, ta nufi Tambuwal da Jega, ba ta rabuwa da motocin kaya, masu ɗauke da gero da dawa da wake da albasa. Da yawa cikin ƙananan motocin nan suna da giya otomatik, watau wadda ke sake kanta ba sai an taka kuloci ba. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara yaɗa irinta, a motocinsa na 1940.

Ita wannan giya mai ne ranta. Akwai famfo a cikinta wanda inji ke juyawa, shi ke tura mai da ƙarfi ya matse fayafayan kuloci, ya shafe ƙarafa, ya kuma kwashe zafi. In mai ya yi kaɗan sai fayafayan su riƙa sulɓi, su yi zafi, su ƙone. Tafiyar mil kaɗan ta isa ta kashe giya.

Alamun farko su ne: a taka totur inji ya yi ta ƙara amma mota ba ta ja, ko giya ta yi jinkirin shiga, ko a ji ƙauri. To, direban da ya ga haka bayan ya bar Shagari, kada ya ce bari ya lallaɓa ya kai Boɗinga. Sauri kan haifi nawa. Ya sauka gefen hanya, ya kashe inji, ya leƙa ƙarƙashin mota.

Launin mai shi ke nuna asalinsa. Man giya galibi ja ne, ba shi da kauri. Man inji ya fi shi kauri da duhu. A wadansu motoci man sitiyari ma ja ne, saboda haka a shimfiɗa kwali ko buhu a ƙasa a ga daidai inda ke ɗiga.

Yoyon da ya zo farat ɗaya, wuri uku aka fi tuhuma. Na ɗaya, bututu biyu da ke kai mai lagireto ya huce ya komo. Zafin bazara a ƙasar Sakkwato, wanda kan wuce digiri 40, yana busar da tiyon roba har ya tsage ko ya kuɓuce. In nan ne, famfo zai zubar da lita da yawa cikin 'yan mintoci. Na biyu, kwanon da ke ƙasan giya, wanda dutse ko kututture kan fasa a hanyar gona, ko notinsa ya kwance. Na uku, robar da ke toshe bakin giya. In mai na fitowa ta tsakanin inji da giya, wannan aikin gareji ne, sai an sauke giya.

Gyaran tiyo ba wuya. A sami wanda aka yi domin man giya, a ɗaure bakinsa tam. Tiyon ruwa ba ya jure mai. In gaskit ɗin kwano ne, a sa sabo, a ɗaure notoci bi da bi, kada a matse fiye da kima don kada bakin kwanon ya lanƙwashe.

Sa'an nan a zuba mai, amma lalle irin wanda aka rubuta a littafin motar ko a jikin tsinken awo, ko Dexron ne ko waninsa. Kada a zuba man inji. Yawancin motoci ana auna su ne a wuri mai daidai, inji yana aiki ya yi ɗumi, giya tana kan P. Honda da yawa kuwa sai an kashe inji. A zuba kaɗan-kaɗan ana dubawa, domin in ya yi yawa sai ya yi kumfa. Wadansu sababbin motoci ba su da tsinken awo, sai a kai wa makaniki.

In mai ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwan lagireto ya shiga, dole a sake lagireto a juye man duka. In ya yi baƙi yana ƙauri, fayafayai sun taɓu.

Abu na ƙarshe, ja da igiya. In inji a kashe yake famfo ba ya aiki, giya kuwa tana juyawa ba mai isasshe. Gara a ɗora motar bisa babbar mota zuwa Sakkwato, a juye kayan a wata.

Ɗan kasuwa yakan ji tsoron kada albasa ta kwana a rana ko kasuwa ta watse. Amma kuɗin tiyo da galan ɗaya na mai ba su kai komai ba in aka gwada da kuɗin giya, wanda kan cinye ribar kaka guda. Mai mota ya duba ƙasa kowace safiya kafin ya ɗora kaya, ya kuma ajiye galan ɗin mai a mota.