Abin da Bamaraɗe zai gano a kasuwar kifi ta bakin teku

Alhazan Maraɗi ba baƙin hanya ba ne. Kwatano, Lome, Abijan da Dubai, duk sun tattake su wajen neman atamfa, shinkafa da motoci. Sai dai kaɗan ne ke sammako su leƙa inda ake sarin kifi a bakin tashar jiragen ruwa, alhali a ganina can ne darasin da garinmu ke bukata yake. Wanda ya je zai lura cewa sanyi ne jarin wannan ciniki. Daga jirgi zuwa ɗakin ajiya zuwa mota, ba a barin ƙanƙarar kwali ta narke, ana riƙe ta a digiri 18 ƙasa da sifili. A kasuwar Toyosu ta Tokiyo, wadda ta gaji Tsukiji a 2018, 'yan sari kan haska yankakkiyar wutsiyar kifin tuna da tocila tun kafin gari ya waye, su duba kitse da launin tsoka, sannan su taya. Kowane kifi da awonsa, kowane aji da kuɗinsa.

To, mu fa? Gulbin Maraɗi, da ya biyo ta Jiratawa ya wuce Tibiri, da damina kawai yake gudu. Ɗanyen kifi na kusa sai na tafkin Madarunfa, sauran kuwa na ƙanƙara ne da ya sha doguwar tafiya, ko banda daga tafkin Chadi. Masunci ya fito da tarwaɗa da karfasa da hantsi, cikin zafin bazara da kan haura digiri 40, kafin la'asar dole ya rabu da su a duk yadda aka taya masa. Mai suya ta san haka, dillali ma ya sani. Wanda ya kwana cikin ruwa shi ne ba ya iya cewa albarka, kuma wannan ya kamata ya dame mu.

Wani zai ce ai mu ba mu da teku, wutar lantarkin ma ba tabbas, tunda kowa ya ga duhun da aka shiga a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layi. Gaskiya ne. Amma sikeli, da ware manya daga ƙanana, da ɗaga kifi daga ƙasa zuwa tebur mai tsabta, babu wanda ke bukatar wuta a cikinsu. Sanyin kuwa, rana da ke ɓata kifin ita ce yanzu ke tayar da firji mai aiki da sola. Masu cewa banda ta ishe mu, kamar yadda ta ishi kakanni, su ma suna da hujja, don banda na jure tafiya. Sai dai itace ya yi tsada, ƙwari na cinye kayan a ajiya, har wasu kan zuba musu maganin ƙwari, wanda ƙarshensa a tukunyar miya yake. Ɗaki guda na yin ƙanƙara a bakin tafkin Madarunfa, a hannun ƙungiyar masunta, bai fi ƙarfin alhazan da ke shigo da tireloli ba.