Motar Lantarki: Ina Ribar, Ina Matsalar?



Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tambayar da kuka fi turo min ita ce: shin motar lantarki za ta fisshe mu? To, yau bari mu baje ta a faifai.

Mu fara da ribar. Injin fetur, yawancin ƙarfin man da ya ƙona zafi yake zama ya bi iska, abin da ke kaiwa ga taya bai fi kashi 30 cikin 100 ba. Injin lantarki kuwa, shi kansa yana mayar da kusan kashi 90 na wutar da ya ja zuwa motsi. Kana taka totur take zabura, ba jiran canjin giya. Babu juyen baƙin mai, babu filogi, babu salansa, balle hayaƙi. Wani abin burgewa, idan ka taka birki injin yakan koma kamar janareto, ya mayar wa batir ɗan caji. A go-sulo irin na Kano, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Sai matsalar. Batir shi ne zuciyar motar, shi ne kuma mafi tsada a jikinta. Kamfanoni da yawa suna ba shi garantin shekara 8 ko kilomita 160,000. Ka ga ke nan wanda ya sayi tokunbo, wataƙila an riga an cinye rabin wa'adin. Kuma batirin litiyum ba ya shiri da zafi, mu kuwa kun san yadda watan Afrilu yake.

Sannan caji. Cika tanki minti biyar ne. A tashar caji mai sauri, kusan rabin awa kafin batir ya kai kashi 80. A soket ɗin gida, babban batir yana iya wuce kwana guda, in ma akwai wutar. In da janareto za ka yi cajin, ai an gudu ba a tsira ba. Ga shi bakaniken da ya iya gyaranta sai an tona.

Ni dai a ganina, mai zirga-zirgar cikin gari da ke da tsayayyiyar wuta ko sola mai ƙarfi zai ci riba. Amma direban Kano zuwa Maiduguri, ya ɗan dakata tukuna.

Ku fa, da kuna da kuɗin, wacce za ku saya? Ina jiran ra'ayoyinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.