Amsoshin Tambayoyinku: Mene Ne "Kanon" A Wasan Biliyad?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya rubuto yana cewa ya ga Turawa a talabijin suna zungurar ƙwallaye uku da sanda a kan tebur, alƙali yana ta ƙirga maki alhali ba ƙwallon da ta faɗa rami. Shin me ake ƙirgawa?

To Malam, wannan wasa shi ne biliyad irin na Ingila, ɗan'uwan sinuka. Teburin ya kai kimanin ƙafa 12 a tsawo, 6 a faɗi, da ramuka shida. Mutum biyu ke karawa, ɗaya da farar ƙwallo, ɗaya da rawaya, sai ja ta uku wadda ba ta kowa ba. Idan ka zunguri taka ta taɓa sauran biyun a bugu ɗaya, ka yi kanon ke nan, maki 2. Abin da ka ji ana ƙirgawa ke nan. Jefa ja a rami maki 3 ne, ta abokin karawa kuwa 2.

Ga inda dabarar take. Muddin kana cin maki, kai za ka yi ta bugu, shi yana zaune. Idan ja ta faɗa rami, alƙali zai mayar da ita kan tebur. Amma ta abokin karawarka, in ta faɗa, ba ta dawowa sai lokacin bugunsa. Ka ga ke nan ka ci maki 2, ka kuma toshe wa kanka hanyar kanon, kamar ɗan kasuwar da ya cinye uwar kuɗinsa.

Yaya ake yinsa? Da farko ka goga alli a bakin sanda don kada ta zame. Mai koyo yakan auna gefen ƙwallon farko, yadda tasa za ta goge rabinta ta karkata zuwa ta biyu. In ka bugi saman ƙwallonka za ta ci gaba bayan karo, in ka bugi ƙasanta za ta dawo baya. In ba hanya kai tsaye, sai a bi da ita ta jikin bangon tebur. Kada ka sa ƙarfi. Gwani a hankali yake taɓawa, don ƙwallayen su tsaya kusa da juna, bugu na gaba ya zo da sauƙi.

Har ma abin ya taɓa yin yawa. A 1907 wani Bature, Tom Reece, ya maƙale ƙwallaye biyu a bakin rami, ya yi makonni biyar yana kanon, ya tara maki 499,135. Daga baya aka haramta wannan salon. A 1932 kuma Walter Lindrum, mutumin Ostareliya, ya ci 4,137 a jere a karawarsa da Joe Davis a Landan. Shi gwaninta tasa ita ce kora ƙwallayen a jikin bango, kamar makiyayi da tumaki.

A dokar yanzu kanon 75 kawai aka yarda a yi a jere. In an kai 70 alƙali zai sanar, wanda ya wuce iyaka kuwa ya yi laifi, bugu ya koma hannun abokinsa.

Da fatan Malam ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku.