Taɓin Hankali, Gidajen Mari da Tarihin da Aka Manta

Lafiyar ƙwaƙwalwa ita ce mutum ya iya ɗaukar nauyin rayuwarsa ta yau da kullum: ya yi barci, ya nemi abinci, ya zauna da jama'a lafiya, ya jure ɓacin rai ba tare da ya durƙushe ba. Idan tunani ko hali ya sauya na tsawon makonni har ya hana mutum sana'arsa da zaman iyalinsa, likitoci kan ce an samu larurar ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas na fama da irin wannan larura, wato kimanin mutum miliyan 970. A ƙasar Hausa kuwa an yi musu kuɗin goro da kalma ɗaya, hauka, kuma wanda ke faɗowa a rai shi ne mai yawo a kan juji cikin tsumma.

Wannan gurguwar fahimta ta fito fili a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sasari a ƙafa. Bayan makonni kaɗan aka bankaɗo wani a Daura. An yi ta tsine wa masu gidajen, amma kaɗan ne suka tambayi dalilin da zai sa uba ya kai ɗansa can da hannunsa, har ya riƙa biyan kuɗin wata. Dalilin shi ne iyalai da yawa ba su san abin da ke damun 'ya'yansu ciwo ne mai magani ba, waɗanda suka sani kuma ba su da inda za su nufa.

Larurorin iri-iri ne. Mafi yawa su ne ciwon damuwa, mai ɗauke wa mutum barci da cin abinci da sha'awar komai, da ciwon fargaba. Akwai mai jefa mutum tsakanin zumuɗi marar iyaka da mutuwar jiki, akwai mai sa shi jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, akwai wanda ke kama mace a cikin jego. Farfaɗiya ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce daban, ko da yake jama'a kan haɗa ta da su. Dalilan ma sukan taru ne su yi wa mutum rubdugu: gado, bugun kai a haɗarin mota, sanƙarau, talauci, auren dole, da abin da idon 'yan gudun hijirar Borno da Zamfara ya gani. Ga kuma shaye-shaye, wanda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna ya shafi 'yan Nijeriya miliyan 14.3.

Abin takaici shi ne yadda ake ɗaukar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa a matsayin baƙon abu na Turawa, alhali malaman Musulunci sun riga su nisa a wannan fage. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya ware sashe guda don cututtukan zuciya da tunani. Ya yi bayanin fushi da tsoro da waswasi, ya kuma raba baƙin ciki gida biyu: mai sananne dalili, kamar rasuwa ko asarar dukiya, wanda nasiha da gyaran tunani ke warkarwa, da mai saukowa haka kawai, wanda tushensa a jiki yake kuma yana bukatar maganin likita. A Alƙahira, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284 yana da sashe na masu taɓin hankali, ana ciyar da su da yi musu magani daga dukiyar waƙafi. A can ma akan ɗaure wanda ya zama haɗari, amma sunansa majinyaci, kuma likita ne ke duba shi.

Nijeriya ma tana da nata tarihin. Dokar Turawan mulkin mallaka ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, tsare mahaukaci kawai ta sani, shi ya sa wasu ɗakunan mahaukata na zamanin suke cikin gidajen yari. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga Ingila ya kama aiki a Aro, kusa da Abeokuta, ya ɓullo da wani tsari da duniya ta zo koyo. Maimakon kulle majinyaci, sai a sauke shi a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa karɓar magani da rana yana komawa cikin mutane da yamma. Lambo ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su, domin ya san wurinsu iyalai ke fara zuwa. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Darasinsa ya dace da Arewa ƙwarai, inda malamin ruƙiyya ne ke fara ganin marar lafiya. Addu'a ba ta hana shan magani, kuma malamin da aka koya wa gane alamun ciwo zai iya tura mutum asibiti tun kafin abu ya ta'azzara.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙin samun magani cikin mutunci. Sai dai doka a takarda ba ta kwance sasari. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano sun yi wa mutanen ƙauye nisa, ƙwararrun likitocin fannin a duk ƙasar 'yan ɗaruruwa ne, kuma suna ta ficewa waje. Ga shi kuma sashe na 231 na kundin Penal Code ya tanadi ɗauri ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, alhali likita yake bukata.

Wajibi ne gwamnonin jihohi su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane ciwon damuwa da sauransu, su ajiye magungunan a farashin da talaka zai iya saye, su kuma sa ido a kan duk gidan da ake tsare mutane da sunan gyaran tarbiyya. Iyalai su daina ɓoye marar lafiya a ɗakin baya don tsoron kada 'yan'uwansa mata su rasa mijin aure. Limamai su faɗa a huɗuba cewa shari'a ta ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe, don haka duka da yunwa da mari zalunci ne a kan wanda Allah bai kama da laifi ba.