Dashen Ƙoda A Kamaru: Doka Ta Fito, Amma Zukata Ba Su Kwanta Ba

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda a asibitin lardi na Garwa ya san wahalar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. A da Sefa 5,000 ake biya kowane wanki, daga 2023 gwamnati ta mayar da shi 15,000 a shekara, amma ɗan kasuwar da zai kwanta jikin na'ura awa 4, sau 2 a mako, ya yi sallama da fatauci.

Mafita ita ce dashe. Asibitin Malam Aminu Kano ya fara tun 2002, Babban Asibitin Yawunde kuwa ya yi nasa a Nuwamban 2021, sannan a 2025 Kamaru ta kafa dokar da ta tsara bayar da sassan jiki kyauta, ta hana cinikinsu.

To, a nan gizo ke saƙar. A shirinmu na rediyo, masu bugo waya ba sa jayayya a kan wa ya ba ƙaninsa ƙoda ɗaya, zumunci ne. Da zarar an ambaci cirewa daga mamaci, musamman wanda likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta mutu alhali zuciya na bugawa, sai murya ta canza. Wani dattijo ya tambaye ni, yaya za a kira mutum gawa jikinsa da ɗumi?

Likitoci dai sun bambanta wannan da doguwar suma. Mai suma yana iya farfaɗowa. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu ɗungurungum kuwa na'ura ce ke hura masa iska, ana cire ta numfashi ya tsaya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta amince da hakan a matsayin mutuwa a taronta na Amman a 1986, in ƙwararrun likitoci sun tabbatar, ko da yake akwai malaman da ba su gamsu ba.

Ni a ganina tsoron ya fi ƙarfi ta wajen amana. 'Yan kasuwa ba su manta da Sanata Ike Ekweremadu na Nijeriya ba, wanda kotun Ingila ta ɗaure shekara 9 da wata 8 a 2023 saboda kai wani matashi ɗan tireda daga Legas don a cire masa ƙoda. Talaka na tambaya: in nawa ne kwance, wani mai hali na jiran ƙoda, wa zai duba aikin likitan da ya ce ya mutu?