Uwargida, Kin Taɓa Leƙa But Ɗin Motar Maigida?

Yau mun ajiye maganar kishi da kwalliya gefe guda, za mu ɗan taɓa ƙarfe da baƙin mai. Don Allah kada wata ta yi saurin juya shafi ta ce ai wannan ta maza ce, domin in mota ta mutu a daji mu ake bari a kujerar baya da goyo da yara, in kuma muna gida mu ne za mu kwana muna kallon ƙofa.

A littattafan soyayya in kika ga motar saurayi ta tsaya a hanya, to kin san yanzun nan wata kyakkyawa za ta ɓullo da tulu a kanta, shi ke nan labari ya fara. A hanyar Birnin Gwari abin ba haka yake ba. Daga shataletalen Mando a Kaduna zuwa garin Birnin Gwari tafiyar kamar kilomita 120 ce, a wuce Buruku, a wuce Udawa, a wuce Kuriga, kuma tsakanin wani gari da wani sai itatuwa da dogayen ciyayi. A yankin ne dajin Kamuku yake, wanda aka killace tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, ga shi ya haɗe da dazuzzukan Zamfara da Neja. Abin da ya faru a wannan hanya kowa ya sani. An yi shekarun da motoci ba sa bin ta sai a ayari da rakiyar sojoji, a 2021 har layukan waya gwamnati ta katse a yankin na wasu makonni, sannan a watan Maris na 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, sai bayan sati biyu da 'yan kwanaki aka dawo da 137. A watan Nuwamba na wannan shekarar aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya je ya buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari da ta daɗe a rufe, motoci suka dawo hanya. Mun gode Allah. Amma ko a lokacin da ya fi kowane kwanciyar hankali, wace ce a cikinmu za ta so magariba ta same ta a gefen wannan titin, bonet a buɗe?

To abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, yawancin mazanmu suna tafiya da motar zamani da kayan gyaran zamanin iyayensu. Lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya cika ƙasar nan da 504, direba in yana da sifana uku ko huɗu, da filaya, da sukundireba, da ɗan guntun waya, to ya gama shiri. In ta ƙi tashi ya kankare kwantak, ya busa kafireto, yara su tura, sai ga ta ta kama. Kuma duk bakaniken ƙauye ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, kayan aikinsa sun yi daidai da kowane noti nata. Motocin da ke hannun mutane yanzu, 'yan Kwatano da 'yan Beljiyom, kowace da irin halinta. Notin tayar Golf sifana 17 yake sha, na Honda 19, na yawancin Toyota 21. Motocin Turai cike suke da sukurori masu kai kamar tauraro, sukundireban gida ba ya kama su, sai dai ya cinye kan. Fulogin da can lamba 21 ne, na yanzu yawanci 16, kuma yana can cikin rami mai zurfi, sai da doguwar soket ake kai masa. Famfon mai ma ya koma cikin tanki, a motoci da dama sai an ɗaga kujerar baya ake isa gare shi. Mai otomatik kuwa, ko mutanen gari guda za su taru su tura ta ba za ta tashi ba, in batir ya yi sanyi sai wayar jona batir da wata motar.

Wata maƙwabciyarmu ta ba ni labarin kai amaryar da suka yi can, motoci uku, an fita da guɗa da ƙamshin turare. Bayan sun wuce Buruku tayar motar amarya ta yi faci. Akwai safaya, akwai jak, akwai sifanar taya, ga maza har biyar kowa yana naɗe hannun riga. Noti huɗu suka kwance lafiya lau, na biyar ya ce bai san zance ba. Ashe irin notin nan ne na maganin ɓarayi, wanda yake da ɗan mabuɗinsa na daban, mai motar kuma tunda ya saye ta bai taɓa sanin da shi ba, balle ya tambayi dillali. Aka samu wani mai babur ya ɗauko mai faci daga gari na gaba, bawan Allah ya zo ya duba ya ce aikin ba komai ba ne, amma ba shi da abin kama wannan notin. Da guduma da kurfi aka sare shi, rana tana ta yin ƙasa, amarya tana kuka a cikin lulluɓi, kuma ta ce min kukan nan ba na rabuwa da gida ba ne. Ƙarfen da ya tsayar da su bai kai girman babban yatsa ba.

Na san abin da wasu mazan za su ce, wai su ba kanikawa ba ne, me za su yi da tarkace. Wasu matan ma za su ce gara kada a saya masa, don in namiji ya samu sifana sai ya kwance abin da ba zai iya mayarwa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, na yarda. Sai dai ni a ganina ko maigida bai iya riƙe filaya ba, ya kamata kayan su kasance a motar. Hanyar nan ta manyan motoci ce masu zuwa Tegina da Kontagora har Ikko, direbobinsu da yaransu sun san mota, kuma Bahaushe ba ya rasa taimako a hanya. Wanda zai tsaya maka yana da sani, bakaniken Udawa yana da sani, abin da ba lallai su kasance da shi ba shi ne ƙarfen da ya yi daidai da taka motar. Shi kuwa ba a aro a daji.

Saboda haka 'yar'uwa, ranar da maigida yake hutu, ki lallaɓa shi da shayi mai kauri ku fita tsakar gida ku buɗe but ɗin nan. Kada ku tsaya a kallo. Ya ɗora sifanar a kan kowane noti na kowace taya ya ga tana kamawa, ya ɗaga motar da jak ɗin ya ga yana ɗagawa, a kuma ajiye ɗan katako mai faɗi na sa wa a ƙarƙashinsa, don gefen titi da damina laka ce, jak nutsewa yake yi. A taɓa safaya a ji ko da iska, sau da yawa ta shekara a kwance ta sace ba wanda ya sani. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, in kika ga 2315 to tun sati na 23 na 2015 take duniya, komai kyan zanenta ta tsufa. Tayoyin yanzu marasa tif ana toshe hujin ƙusa da wata 'yar igiyar roba da allurarta ba tare da an cire tayar ba, ga kuma ɗan famfon iska da ake jonawa a wurin kunna taba na mota. Waɗannan biyun kaɗai sun isa su mai da tsayuwar awa uku ta koma ta minti ashirin. A ƙara da fanbel sabo irin na motar, da fiyus, da tocila mai batir, da galan na ruwa. In kuma mota ta yi zafi, a hana shi buɗe murfin lagireto sai ta huce, mutane da yawa sun ƙone fuska a nan.

Sai maganar na'urar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Tun 1996 dokar Amurka ta sa duk motar da za a sayar a can ta zo da wurin jona ta, a ƙarƙashin sitiyari yake, Turai ma ta bi baya a 2001. Akwai ƙanana masu aiki da wayar hannu. Tana da amfani, amma kada a ruɗe ku, lamba kawai take nunawa, ba ta ɗaure noti, kuma in ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu ba abin da za a iya yi a gefen titi sai ja. Ni dai amfaninta da na fi gani shi ne a gida, kwana biyu kafin tafiya, lokacin da 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, shi kuma ya ce ai ta daɗe tana yi. A je gareji a duba tun ana cikin gari. Igiyar jan mota mai ƙarfi ta fi ta muhimmanci a but.

Duk waɗannan kaya ana samun su a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma in za a saya a tafi da motar a gwada a wurin, a guji sifanar nan mai sheƙi marar nauyi da take lanƙwashewa a noti na farko. Kuɗinsu gaba ɗaya, in kika auna da abin da muke zubawa a anko na biki ɗaya, ba zai ba ki tsoro ba. Ki ɗinka musu 'yar jaka ta tsohon buhu ko yadin katifa, ki rubuta abin da ke ciki a takarda ki saka, domin kayan mota ƙafa gare su, yau an ara wa aboki jak, gobe yaron gareji ya manta da sifana a aljihunsa. Duk ranar da aka ce za a bi hanyar Birnin Gwari, kina haɗa kular abinci kina ƙirga jakar nan, a kuma fita da sassafe.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.