Dokar Koyon Sana'a: Tsakanin Takardar Abuja da Shagon Walda a Wudil

Wudil na da abin da garuruwa da yawa ke nema. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin Kano ta kafa a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022. Akwai kwalejin fasaha ta gwamnati, ga kuma kasuwar Juma'a da fataken shanu ke zuwa mata daga nesa. Duk da haka, yawancin masu walda, kafintoci, teloli da masu gyaran babur na garin ba a aji suka koyi aiki ba. A hannun maigida suka koya, suka yi shekaru suna miƙa sifana da share shago har aka yaye su. Ina dokokin koyar da sana'a suke a rayuwar waɗannan matasa?

Dokokin dai suna nan, kuma sun daɗe. Tun 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda kamfanoni ke zuba wa kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara. Gyaran 2011 ya ɗora wannan nauyi a kan duk mai ma'aikata 5 zuwa sama, sai wata doka ta 2023 ta ɗaga adadin zuwa 25. Hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke tsara manhaja da tantance makarantun fasaha, hukumar NABTEB kuma ta shirya jarrabawa. Mai shagon walda da yaransa shida ba ya biyan ITF ko sisi, kuma hakan sauƙi ne a gare shi. Sai dai shi da yaran nasa sun zama ba a lissafi da su.

Tsarin mulkin 1999 ya bar sha'anin ƙwadago a hannun tarayya, ilimi kuwa ya raba shi tsakanin tarayya da jihohi. Abuja ke gindaya ma'auni, amma jiha ce ke gina ɗakin koyon aiki, ta ɗauki malami, ta biya albashi, ta sayi man janareta. A Kano, Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ce ke riƙe da kwalejoji irin ta Wudil. Saboda haka ingancin abin da ɗalibi zai koya ya fi rataya a kan kuɗin da jiha ta saki fiye da abin da doka ta tanada.

Kano ta ga wannan da idonta. A wa'adin mulkinsa na biyu, daga 2011 zuwa 2015, Rabi'u Musa Kwankwaso ya kafa cibiyoyin koyar da sana'o'i fiye da 20, daga ta kiwon kifi a Bagauda zuwa ta kwamfuta a Kura da ta wasanni a Karfi. Da mulki ya sauya hannu, da yawansu suka tsaya cik. Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta gina tata katafariyar cibiyar a kan titin Zariya, ita kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf, da ta zo a 2023, ta shiga farfaɗo da tsofaffin. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, darasin ɗaya ne: cibiyar da ba ta da kafar kuɗi tabbatacciya, ranta na hannun wanda ke kan kujera.

Gini ba shi ne mai wuya ba. Abin da ke kashe makarantar sana'a shi ne kayan da ke ƙarewa kullum: sandar walda, katako, ƙusa, yadi, waya da wutar lantarki. Ranar da suka yanke, malami ya koma allo da alli, ɗalibi ya fita da takarda amma hannunsa bai taɓa injin ba. Ga kuma matsalar malamai. Tsarin ɗaukar ma'aikatan gwamnati takardar makaranta yake tambaya, don haka gwanin da ya shekara 30 yana gyaran injin ban ruwa a bakin kogin Wudil da wuya ya samu gurbin koyarwa.

Akwai hanyar da aka riga aka share. Tsarin ba da shaidar ƙwarewa na ƙasa da ke ƙarƙashin NBTE ya yarda a gwada mutum a kan aikin da ya iya, a ba shi shaida gwargwadon matakinsa, ko bai taɓa zama a aji ba. An fara hakan da masu sana'a na kasuwar Panteka a Kaduna. Sabon shirin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fito da shi a 2025 ma ya ce kashi 80 na karatun ya zama aikin hannu, kashi 20 na aji. Hakan ba zai yiwu ba sai an jawo iyayen gida na kasuwa cikin tafiyar.

A Wudil abin ba ya buƙatar sabon gini. Kwalejin fasaha za ta iya zama wurin gwaji, jami'a ta horar da masu tantancewa, ƙungiyoyin masu sana'a kuma su kawo sunayen yaransu. Abin da ya rage aikin Majalisar Dokokin Kano ne: ta ware wa koyar da sana'a kaso tabbatacce a doka, ta kuma wajabta a riƙa bayyana yawan waɗanda suka samu aiki bayan yaye, maimakon yawan kekunan ɗinkin da aka raba ranar biki. Mutanen Wudil kuma su tambayi wakilinsu nawa aka saki wa kwalejin garinsu a bana, kuma me aka saya da shi.